Hangen Dala ba shiga birni ba: me ke cikin hotunan dogayen benaye da ke yawo a wayoyinmu?



Kwanan baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye na yankinmu ta aiko mana da saƙon murya tare da wani hoto. A hoton, dogon benen nan ne na Dubai, amma gindinsa ba ya ƙasa. Zaune yake a kan gajimare, ga ayarin raƙuma suna hawa wata matakala da ta naɗe shi kamar rawani. Tambayarta gajera ce: "Don Allah ku gaya mini, akwai wannan wuri a duniya? Ɗana ya ce can za shi."

Ba ita kaɗai ke ganin irin waɗannan hotuna ba. Duk mai WhatsApp ko Facebook ya taɓa cin karo da su: hasumiyar agogon Makka da wata a rataye a kanta kamar fitila, birnin Yamai cike da benayen gilashi har cikin kogi, hasumiyar masallacin Agadas ta tsiro daga tsakiyar teku. Wasu kan ce "Allahu Akbar" su tura gaba. Wasu kan ce ƙarya ce su goge. To, amsar ba ta tsaya a "gaskiya" ko "ƙarya" kawai ba. Akwai ginin da yake na gaske, akwai zanen da aka yi don a sa mutum tunani, akwai kuma hoton da aka haɗa don a cuci mutum. Yau za mu rarrabe su ɗaya bayan ɗaya.

Benen dai na gaske ne

Mu fara da abin da ke tabbas. Benen Dubai sunansa Burj Khalifa. An fara aikinsa a 2004, aka buɗe shi ranar 4 ga Janairun 2010. Tsayinsa mita 828, hawa 163, kuma tun daga ranar babu ginin da aka kammala a duniya da ya kai shi. Don mu gane wannan tsayi, mu kwatanta da abin da muka sani. Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce. Sai an ɗora irinta 30, wata kan wata, kafin a kusa taɓo ƙololuwar benen Dubai.

Saboda wannan tsayi, wanda ke can sama yakan ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga wanda ke ƙasa. Shi ya sa malaman Dubai suka ba da fatawa cewa mazauna sama da hawa na 80 su jinkirta buɗa-baki da minti 2, na sama da hawa na 150 kuma da minti 3. Kun ji abin da ya yi kama da tatsuniya, alhali gaskiya ne.

Batun gajimaren ma yana da tushe. A lokacin sanyi, wani hazo mai laima yakan taso daga teku ya lulluɓe Dubai da sassafe. Wanda ya ɗauki hoto daga sama sai ya ga kawunan benaye kaɗai sun leƙo, kamar kututturen dabino a cikin ruwa. Wannan hoton gaskiya ne. Raƙuman da matakalar, su ne ƙarin mai zane.

Haka hasumiyar agogo da ke kusa da Harami a Makka, wadda alhazanmu suka sani ido da ido. Tsayinta mita 601, an kammala ta a 2012, kuma faɗin fuskar agogon kaɗai mita 43 ne. Ɗakin Ka'aba da ke ƙasa bai wuce mita 15 ba.

Kowane gari da abin hangensa

Me ya sa masu zane suke kama gini ɗaya su yi ta wasa da shi? Amsar tana cikin karin maganarmu: hangen Dala ba shiga birni ba. Fataken da can, idan sun doso Kano, dutsen Dala suke fara hangowa tun ƙafa ba ta kai ƙofar gari ba. Dala shi ne Kano a idon matafiyi. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau. A Agadas akwai hasumiyar masallacin da aka fara ginawa a 1515, aka sake gina ta a 1844, wadda ayarin gishiri ke hangowa daga nesa, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Mu ma nan, wanda ya daɗe a ci-rani, idan mota ta taso daga Damagaram ta kama hanyar Difa, ya san lokacin da zuciyarsa ke tsinkewa don ya hango duwatsu da dogon ƙarfen tarho na garinsu.

Wannan siffa da gari ke nunawa daga nesa, inda kawunan gine-gine suka haɗu da sararin sama, ita ce fuskar gari. Gini mafi tsayi kuma shi ne hancin fuskar. Idan mai zane ya taɓa shi, ya taɓa garin duka. Ba sai ya rubuta "Paris" ba, hasumiyar Eiffel da aka gina a 1889 ta isa. Ba sai ya rubuta "Dubai" ba. Saboda kowa ya san ginin yadda yake, da zarar an lanƙwasa shi ko an ɗaga shi sama, ido zai tsaya ya ce: me ake nufi?

Daga ina zanen mafarki ya fito?

Irin wannan zane yana da suna a Faransanci, sureyalisim, ma'ana abin da ya zarce zahiri. Mu a nan za mu kira shi zanen mafarki, don shi ya fi kusa da abin da yake. Kun san yadda mafarki ke yi: kana cikin gidanku na ƙauye, amma ƙofar ɗaki ta buɗe cikin kasuwar Kano, kakarka da ta rasu tana sayar da goro, kuma a cikin barcin ba ka ga abin mamaki ba. Kowane abu ka san shi, haɗuwarsu ce ba ta yiwuwa.

Wani marubuci Bafaranshe, André Breton, shi ya fitar da takardar manufar wannan tafiya a Paris a 1924. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin duniya na farko ba, na 1914 zuwa 1918, wanda ya ci miliyoyin rayuka. Matasan da suka ga wannan ɓarna suka ce: in dai hankali da lissafin manya ne suka kai mu nan, bari mu saurari abin da mafarki ke faɗa.

Mutum biyu suka fi shahara a zanen. Salvador Dalí, ɗan Sifaniya, a 1931 ya zana agogai sun yi laushi suna zuba kamar man shanu a rana, ɗaya a rataye a reshen busasshen itace. René Magritte, ɗan Beljiyam, a 1959 ya zana wani ƙaton dutse yana shawagi a sama da teku, da fada a gine a kansa. A 1953 kuma ya zana maza masu baƙar kwat da hula, da yawa, tsaye a iska a saman gidajen wani gari kamar ɗigon ruwan sama. Duk hoton bene kan gajimare da kuka gani a waya, jikan waɗannan zane-zane ne.

Shi Magritte ɗin ya bar mana wani darasi. Ya zana lofen shan taba, tsaf kamar a ɗauka, sannan ya rubuta a ƙasansa cewa wannan ba lofe ba ne. Mutane suka yi ta gardama. Amma ai gaskiya ya faɗa: ba za ka iya cusa taba a cikinsa ba. Hoton abu ba abin ba ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba Turai kaɗai aka yi wannan tafiya ba. A Alƙahira ma, a ƙarshen shekarun 1930, wasu masu zane da marubuta na Masar sun kafa tasu ƙungiyar.

Dabarun da suke amfani da su

Idan kun duba da kyau, dabarun ba su da yawa.

Ta farko, a cire abu daga mazauninsa a kai shi inda ba ya zama: bene a tsakiyar Tenere, ko jirgin ruwa a kan rufin gida.

Ta biyu, a juya girma: kaza ta fi bene tsayi, ko birni duka ya shige cikin ƙwarya.

Ta uku, a sauya jikin abu: ginin ƙarfe ya narke kamar kitse, ko ya zama na yashi iska tana kwashe shi.

Ta huɗu, a haɗa abu biyu su zama ɗaya: bene mai saiwa kamar kuka, ko hasumiya mai kan dabino.

Kowace dabara da abin da take iya faɗa. Mai zana bene yana narkewa, wataƙila zafin duniya yake nufi, ko yana tuna mana cewa dukiya ba ta dawwama. Mai zana shi kan gajimare ba tsani, wataƙila cewa yake: ga arziki kuna gani, amma talaka ba shi da hanyar hawa. Mai zana raƙuma suna hawansa, wataƙila yana tuna wa masu benen cewa kakanninsu makiyaya ne da masunta. Wannan na ƙarshe ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, domin malamai sun sha kawo mana hadisin nan na Mala'ika Jibrilu, inda aka ambaci gasar dogayen gine-gine a hannun makiyaya cikin alamomin ƙarshen zamani.

Wani lokaci ma mai fasaha yakan amsa wa tsayi da ƙanƙanta. Ahmed Mater, likita ne ɗan Saudiyya kuma mai zane, ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan yadda benaye suka kewaye Harami. Cikin ayyukansa akwai wani ɗan baƙin maganaɗisu mai siffar Ka'aba, ya barbaɗa garin ƙarfe kewaye da shi, sai ƙurar ta jeru da'ira-da'ira kamar masu ɗawafi. An nuna shi a baje-kolin aikin Hajji da aka yi a Landan a 2012. Mu abin da muka karanta a ciki shi ne: abin da ke jan zukata zuwa Makka ba shi ne mafi tsayi a garin ba.

Ɗan ƙauyen da ya gina birni da kwali

Cikin duk masu irin wannan aiki, wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Bodys Isek Kingelez, ɗan ƙasar Kwango. An haife shi a 1948 a wani ƙauye mai suna Kimbembele-Ihunga. Ya tafi Kinshasa a 1970, ya yi karatu, ya koyar a makaranta, daga baya ya yi aikin gyaran kayan tarihi a gidan tarihin ƙasar.

Kingelez bai yi karatun gini ba. Kayan aikinsa kwali ne, da takarda mai launi, da roba, da gwangwanin lemo, da marfin kwalba, da almakashi da gam. Da su yake gina benaye masu siffar tauraro, masu siffar malam-buɗe-littafi, masu launi kamar atamfa. Bai taɓa fita ƙasarsa ba sai a 1989, da aka gayyace shi wani babban baje-koli a Paris. Ke nan benayen farko da ya gina, a kansa ya gan su.

A 1994 ya yi aikin da ya fi taɓa mu. Ya gina ƙauyensu, Kimbembele-Ihunga, amma ba yadda yake ba. Ya ba shi manyan tituna, da tashar jirgin ƙasa, da filin ƙwallo, da dogayen benaye. A 1996 ya gina wani birnin da ya ce ba ya buƙatar ƴan sanda ko soja ko likita, don zaman lafiya da ƙoshin lafiya sun wadata. Ya rasu a 2015, kuma a 2018 babban gidan zane na zamani da ke New York, MoMA, ya yi baje-kolin ayyukansa shi kaɗai.

Shin Kingelez maƙaryaci ne? A'a. Bai taɓa ce wa kowa ga yadda ƙauyensu yake ba, bai kuma karɓi kuɗin mota a hannun wani don ya kai shi can ba. Kowa yana ganin kwali ne. Tambaya yake yi: me ya sa sai babban birni ne zai sami asibiti da hanya da wuta? Me ya hana ƙauye? Wannan tambaya, mutumin Kelle ko Bune ko Gidigir zai iya yin ta yau.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage

Kada wani ya ɗauka wannan abin Nasara ne. Wanda ya tashi yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" a bakin kakarsa ya riga ya san zanen mafarki. A tatsuniya Gizo yana ara gashin tsuntsaye ya tashi sama, ƙwarya tana magana, yarinya tana shiga rijiya ta tarar da gari da kasuwarsa. Ba wanda ke cewa kaka maƙaryaciya ce, domin ta buɗe da alamar tatsuniya, ta kuma rufe da "ƙurunƙus".

Ɗan ƙasarmu Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, tun 1966 ya yi fim ɗin zane mai motsi, Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ana yi masa fareti. Kowa ya san kwaɗi ba su da fadar shugaban ƙasa, kowa kuma ya gane su wa ake nufi.

Haka masu hoton kasuwa. Wa bai taɓa tsayawa gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama ko masallacin Madina ba, ranar salla? Wani mai hoto ɗan Gana, Philip Kwame Apagya, ya yi suna a duniya da irin waɗannan labulaye, inda mutum ke tsayawa kamar zai hau jirgi ko yana buɗe firiji cike da abinci. Da mai hoton da wanda aka ɗauka duk sun san wasa ne.

Akwai ma abin da mu mutanen Gure muka fi mai zanen Turai sani. Shi idan ya zana birni yashi ya binne shi har wuya, mafarki ya zana. Mu kuwa mun ga tudun rairayi ya matso ya cinye gona, ya shiga kwarin da ake noman dabino da rogo da haƙar kanwa, ya tsaya a bakin katangar makaranta. Mun ga mata da matasa suna kafa shingen kaba da ƙirare a kan tuddai, suna dasa itatuwa don su tsayar da shi, a nan da Maine-Sorowa. Mun kuma san kawalwalniya: ruwan da kake hangowa kwance a kan kwalta da tsakar rana, kana matsawa yana matsawa.

Inda haɗarin yake

Abin da ya sauya shi ne alama ta ɓace. Kwalin Kingelez ana ganin kwali ne. Labulen mai hoto ana ganin ƙarshensa. Amma tun wajen 2022, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, yaro mai waya zai rubuta "benen Dubai a kan gajimare da raƙuma", cikin ƙasa da minti ɗaya hoto ya fito kamar na kyamara. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika.

Abin ya ruɗi har waɗanda suka fi mu kayan aiki. A watan Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewa kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya bazu, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. A farkon 2024 hotunan hasumiyar Eiffel tana cin wuta sun zaga duniya, alhali ko hayaƙi babu. Ta ɗaya gefen kuma, a watan Afrilun 2024 ruwan sama mai yawa ya sauka a Dubai, tituna da filin jirgin sama suka cika da ruwa. Wannan gaskiya ne, amma wasu suka ce haɗi ne. Kun ga ɓarnar biyu ce: a yarda da ƙarya, a kuma ƙi gaskiya.

Don haka mu raba hotunan gida uku. Akwai zanen mai fasaha, wanda ke sa sunansa kuma bai ɓoye cewa zane ne ba. Akwai zanen masu tsara gini, da ake nunawa kafin a aza tubali, kamar waɗanda aka yi ta gani kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yamai a Yulin 2019. Wannan alkawari ne: wani a cika, wani ya tsaya a takarda. Sai na uku, hoton da aka cire masa suna aka laƙa masa ƙarya: "ga inda za ka yi aiki", "ga mu'ujizar da ta faru jiya a Makka, tura wa mutum goma", "turo kuɗin biza kafin Juma'a". Sau da yawa hoton ɗaya ne. Rubutun da ke ƙasansa ne ke mai da shi tarko.

Mu a jihar Damagaram mun san kuɗin tafiyar da ba a san ƙarshenta ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Ba hoto ne ya fitar da su daga gida ba, talauci ne. Amma mai yunwa ya fi saurin yarda da kawalwalniya, kuma masu safarar mutane sun san haka.

Yadda za ku duba hoto kafin ku yarda

Na ɗaya, ku tambayi asalinsa. Wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Hoton da ba shi da uba, a yi hattara da shi.

Na biyu, ku buɗe shi da yatsa biyu ku duba ƙananan abubuwa. Rubutun allunan shaguna yana karantuwa ko tarkace ne? Yatsun mutane daidai suke? Ƙafafun raƙumi nawa ne? Tagogin bene a jere suke ko sun narke cikin juna?

Na uku, ku duba inuwa. Mu da muke gane lokacin azahar da inuwar bango, wannan ba zai gagare mu ba. Rana ɗaya ce, don haka inuwa gefe ɗaya take faɗuwa.

Na huɗu, idan babban abu ne, kamar gobara a Harami ko rushewar sanannen bene, ba zai tsaya a waya ɗaya ba. Ku kunna rediyo. Idan har yamma ba gidan da ya faɗa, ku ajiye shi.

Na biyar, mai babbar waya zai iya sa hoton a Google Lens, ya ga inda ya fara fitowa da shekarar.

Na shida, kuma mafi muhimmanci: duk hoton da ya zo tare da neman kuɗi ko gaggawa, ku tsaya. Manhajojin suna ƙara ƙwarewa kullum, wata rana ba za a ga kuskuren yatsa ko inuwa ba. Amma mai cuta ba zai daina neman kuɗi ba.

Saƙonmu ga na waje da na gida

Ƴan'uwa da ke waje, wannan naku ne. Mun san dalilin da ya sa kuke tsayawa gaban bene mafi kyau ku ɗauki hoto. Ba ku son hankalin iyaye ya tashi, kuma kowa yana son a ce ɗan wane ya yi gaba. Ba laifi. Amma ƙannenku suna kallo. Benen Dubai ɗin nan, dubban leburori ne daga Indiya, Pakistan, Bangaladash da makamantansu suka gina shi, kuma ba a cikinsa suke kwana ba. Idan kun turo hoton bene, ku turo da na ɗakin da kuke kwana. Ku faɗi kuɗin haya, da awa nawa kuke aiki, da halin da mai zama ba takarda yake ciki. Wanda zai tafi bayan ya ji wannan, ya tafi da idonsa buɗe.

Iyaye na gida kuma, idan kun ga yaro yana zana benaye a bayan littafinsa, ko yana haɗa mota da gida da karan dawa da gwangwani, kada ku ce ɓata lokaci yake. Ga mai damuwa ta fuskar addini, malamai da yawa sun bambanta zanen abu mai rai da na marar rai kamar gini da itace da dutse, kuma za ku iya tambayar limaminku. Ƙasar nan ta fitar da magina da duniya ta yaba. Falke Barmu, maginin gargajiya, masallacin ƙasa da ya gina a Yama cikin jihar Tawa ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar, ita da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa. Gidajen unguwar Birni a Damagaram, da adon bangonsu da zankwayensu, har yau baƙi na zuwa kallo. Duk waɗannan sai da wani ya fara ganinsu a kansa.

Muna gayyatar ƴan makaranta da duk mai sha'awa: ku zana mana Gure ko ƙauyenku yadda kuke mafarkinsa nan da shekara 50. In kuna so ku sa bene a kan tudun yashi, ku sa. Sharaɗi ɗaya ne, ku rubuta sunanku da kalmar "zane" a ƙasa. Ku kawo gidan rediyo, za mu sa waɗanda suka samu a wannan shafi.

Ita kuwa baiwar Allah da ta aiko da tambaya, ga amsarki, Inna. Dubai akwai ta, benen ma akwai shi. Amma a ƙasa yake tsaye, raƙumi bai taɓa hawansa ba, kuma wanda ya haɗa hoton wataƙila shi ma bai taɓa zuwa ba. Kafin ɗanki ya sayar da akuya ko gona, ya nemi wani ɗan yankinmu da ke zaune can su yi magana baki da baki. Ya tambayi sunan aikin, da albashin, da wanda zai riƙe fasfonsa. In an amsa masa dalla-dalla, sai ku yi shawara a gida. In an ce ya turo kuɗi tukuna, ya riƙe akuyarsa.

Allah ya tsare mana na waje, ya ba na gida damina mai albarka. Amin.